Ina so furojet ɗina ya amfani unguwar da ke bayan jami'armu, ta ina zan fara?

Ɗalibar aji huɗu:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin muhalli, an ba mu mako 16 mu miƙa furojet. Unguwar da ke bayan makarantarmu tana da gidaje kusan 900, kuma magudanan ruwanta kullum a toshe suke da shara. A kan wannan nake son yin bincike, amma ba irin wanda za a ɗaure a ajiye a laburare ƙura ta rufe shi ba. Gida nawa ya kamata in shiga? Wace takarda nake buƙata kafin in fara? Kuma yaya zan haɗa wannan da lakca da jarrabawa?

Malamin dabarun bincike:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ajiye maganar adadin gidaje tukuna, domin har yanzu ba ki da tambayar bincike. "Shara da magudanan ruwa" batu ne kawai. Tambaya ita ce irin wannan: me ke sa gidaje zuba shara a magudana, nisan wurin zubarwa ne, ko rashin zuwan masu kwashewa, ko wani dalili dabam? Kowace amsa a cikin ukun nan maganinta dabam, shi ya sa sakamakon zai yi wa mutanen amfani.

Kuma kada ki tsara tambayar ke kaɗai a ɗakin kwana. Wannan salon bincike ya daɗe. Kurt Lewin ya yi rubutu a 1946 a kan binciken da ake haɗawa da aikin gyara, daga baya Paulo Freire a Brazil da Orlando Fals Borda a Kolombiya suka dage a kan cewa mutanen da ake bincike a kansu su zama abokan aikin, ba wurin ɗibar bayani kawai ba. A aikace ga yadda yake: a mako biyun farko ki zauna da shugabannin unguwar, sannan ki yi zama biyu ko uku na tattaunawa, kowanne da mutum 6 zuwa 10, na awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Ki ware zaman masu fitar da shara daga gida, domin su ne suka san inda take ƙarewa, kuma ba sa sakin jiki a gaban manya. Ki ba su babbar takarda su zana taswirar unguwar da hannunsu, su sa alama a inda ruwa ke kwanciya da inda ake jibge shara. Sau da yawa taswirar nan kaɗai takan canza tambayar ɗalibi.

Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne alkawari. Da an ga baƙuwa da takardu sai a ɗauka tallafi ya zo, sai amsoshi su karkata: kowa ya nuna ya fi kowa matsala. Tun zaman farko ki faɗa ƙarara cewa ke ɗaliba ce, ba ki zo da kuɗi ko kwangila ba, abin da za ki dawo da shi sakamakon bincike ne, kuma ki faɗi watan da za ki dawo.

Mai koyar da ƙididdiga:

'Yar'uwa, ga lissafin. Ɗalibai da yawa suna rubuta 384 ba tare da sanin inda ya fito ba. Daga ƙa'idar Cochran yake, wato lissafin gano yawan mutanen da za a tambaya: 1.96 sau 1.96, sau 0.5, sau 0.5, a raba da 0.05 sau 0.05. Wato tabbaci na kashi 95 cikin ɗari da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Amma wannan na jama'a mai yawan gaske ne. Tunda gidajenki 900 ne, sai a rage: ki raba 383 da 900, ki ƙara 1, ki raba 384 da abin da ya fito. Za ki samu gida 270. Wasu ba za ki same su a gida ba, wasu za su ƙi amsawa, don haka ki ɗauka gida ɗaya cikin goma ba zai amsa ba, ki raba 270 da 0.9, ya zama 300.

Wannan ya zo miki da sauƙi: 900 a raba da 300 ya ba da 3. Ki rubuta 1, 2, 3 a ƙananan takardu ki zari ɗaya, ki fara daga wannan gidan, sannan ki riƙa tsallake biyu kina shiga na uku, layi bayan layi. Amma "kusan 900" ba adadi ba ne. Ki ƙirga da ƙafa, ki kuma yanke tun farko ko gini kike ƙirgawa ko iyali, domin gini ɗaya na iya ɗaukar iyalai biyar. Kada kuma ki maye gurbin gidan da kika tarar a rufe da na maƙwabcinsa nan take. Ki koma sau biyu a lokuta dabam-dabam, har da ranar hutu. In ba haka ba, samfurinki, wato mutanen da kika tambaya, zai cika da waɗanda ke gida da hantsi, masu fita aiki su ɓace daga binciken.

Takardar tambayoyin kada ta wuce minti 20. Ki gwada ta a kan mutum 20 zuwa 30 a wata unguwa mai kama da wannan, kuma kada ki haɗa amsoshinsu da na ainihin bincike. Ki guji tambaya irin "kuna zuba shara a magudana?" Kusan kowa a'a zai ce. Tambayi "jiya da aka fitar da shara, ina aka kai ta?" Sannan ki auna tazarar gidan zuwa wurin zubarwa mafi kusa, wannan ba ya buƙatar kowa ya faɗi gaskiya. Idan za a fassara tambayoyin, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita, ku gwama. KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi, na aiki a waya ba tare da intanet ba, kuma yana raba ki da shigar da takarda 300 cikin kwamfuta da hannu.

Mamba a kwamitin ɗa'ar bincike:

Ina da gyara ɗaya ga abin da Malamin dabarun bincike ya faɗa. Zaman gabatar da kai ga shugabannin unguwa babu laifi a yi shi da wuri, amma zaman tattaunawar da za ki naɗi murya ko ki yi amfani da shi a babi na huɗu (babin sakamakon bincike), tattara bayanai ne, sai bayan amincewar kwamitin ɗa'a. Kwamitoci da yawa ba sa ba da amincewa a kan bayanan da aka riga aka tattara. Ki tambayi sashenku ranar da kwamitin ke zama tun makon farko.

Takardu uku: wasiƙar gabatarwa daga sashe, amincewar kwamiti, da takardar yardar mai amsa. Yardar shugaban unguwa ba ta wadatar ba, kowane mutum sai ya yarda da kansa, kuma ya san yana iya tsayawa a tsakiya. Wannan ƙa'ida ta samo tushe daga Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka tsara ƙa'idojin yin bincike a kan mutane. Wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaida. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, tare da tasa.

Batunki yana da wani haɗari da ba a cika lura da shi ba: zuba shara a magudana laifi ne a wurare da yawa. Taswirar da ke nuna gida-gida na iya jawo wa wani tara. Ki ba kowane gida lamba, ki ajiye jerin lambobin da adireshi a wani fayil dabam mai makulli, sakamakon kuma ki bayar da shi layi-layi ko shiyya-shiyya.

Ɗalibar aji huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Amma gida 300 ni kaɗai, ga lakca?

Malamin dabarun bincike:

Gyaran da mamban kwamitin ɗa'a ya yi daidai ne, na karɓa. Ke kaɗai kuwa ba zai yiwu ba. Minti 20 sau 300 awa 100 ke nan, ban da tafiya da jira. Mutum ɗaya da wuya ya wuce gida 8 a yini. Ki nemi matasa biyu daga unguwar, ki horar da su yini guda, ku uku ku gama cikin kwana 13 ko makamancin haka. Amma kada kowa ya yi aiki a layin gidansu, maƙwabci ba ya faɗa wa maƙwabci inda yake zuba shararsa. Kowane dare ki duba abin da suka turo, kuskuren da aka gano a rana ta biyu ya fi sauƙin gyara.

Ki lissafa makonnin daga baya. Biyun ƙarshe na gyaran sufabaiza da ɗaurin aiki ne, uku kafin su na nazari da rubutu, uku na fita fili, kuma kada su faɗa lokacin gwaji ko jarrabawa. Babi na ɗaya zuwa na uku ki rubuta su yayin jiran kwamiti. Naɗin murya na awa ɗaya yakan ci awa 4 zuwa 6 wajen mayar da shi rubutu, shi ya sa na ce zama uku ya isa.

Komawa unguwar ki sa shi kafin ɗaure aikin, wajen mako na 13. Shafi ɗaya cikin harshen da mutanen ke ji, da taswira da adadi uku ko huɗu, a karanta a taro. Idan suka ce wani adadi bai yi kama da gaskiya ba, ki tambayi dalili ki rubuta, ya shiga babi na biyar. Kwafi ɗaya ki bar wa shugabannin, ɗaya kuma su kai wa hukumar da ke kula da kwashe shara da sa hannunsu.