Me za mu kira "test d'hypothèse" da Hausa?

1/ Jama'a, sallama. Ƙanena da ke jami'ar Tawa ya kawo mini aikin lissafi in fassara masa, na cije a kan kalma ɗaya. Ga aikin: mai gidan abinci ta ce kowane mai saye, in an haɗa an raba, yana kashe sefa 1500. An ɗebo rasit 25, aka haɗa aka raba, aka samu 1400. Ƙarya ta yi, ko dai ɗibar ce ta faɗo haka?

2/ Mwayen ("moyenne" da Faransanci, wato abin da ake samu in an haɗa an raba) ba ta ba ni wahala ba. Matsakaici muke cewa, ko da yake na fi son "raba-daidai", don matsakaici na iya rikicewa da wanda ke tsakiyar layi. Rasit 25 ɗin kuwa "ɗanɗano" ne. Mai miya ba ta shanye tukunya kafin ta san gishiri ya ji, amma sai ta motsa tukuna. Wanda ya ɗebi rasit ɗin ranar kasuwa kaɗai bai motsa ba.

3/ Ipotez ("hypothèse") ce matsalar. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna cewa hasashe. Ni ban yarda ba: hasashe na gaba yake dubawa, kamar na damina. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ka ce zato mana." Na ce Baba, zato ai zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ɗalibai za su yi ta dariya. Abin da matar nan ta faɗi da'awa ce. Don haka: gwajin da'awa.

4/ Ipotez nul kuma, wato da'awar da ake ɗauka gaskiya ce har sai lissafi ya ƙaryata ta, "tsayayyar da'awa". Ba'adare ya san wannan a filin kokowa: mai riƙe da takobi yana nan tsaye sai an kayar da shi.

5/ Ga yadda ake kamun. Tazara tsakanin 1400 da 1500 ita ce 100. Warwatsuwar kuɗin (yadda rasit ɗin ke nisa da matsakaici) a aikin 200 ce, a raba da 5, wato saiwar 25, a samu 40. 100 a raba da 40, 2.5. Teburin Student, a ma'aunin kashi 5 cikin 100 da rasit 25, ya ce iyaka 2.06. An wuce iyaka, da'awar ta sha ƙasa. Shi Student ɗin nan laƙabi ne, sunansa William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya fitar da hanyar a 1908.

6/ Da lissafin ya tsaya a 1.5, ba za mu ce "an tabbatar" ba. Cewa za mu yi "ba a kayar da ita ba". Ɗan kokowar da aka tashi canjaras da shi bai zama gagarabadau ba. A nan ne hasashe da zato suka gaza, ba a kayar da su a bakin Bahaushe.

7/ Saura "valeur p", wato yiwuwar a samu tazara irin wannan ko fiye in da'awar gaskiya ce. Malaman lissafi na Yamai, ku taimaka, ni dai "ƙarfin mamaki" ya zo mini, kuma ƙanena ya ce bai yi ba.