Ana binmu 815,000 ni da maigida, ta ina za mu fara biya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Garwa, yaranmu uku, maigidana ɗan kilando ne, wato acaba yake yi da moto, ni kuma ina yin folere, wato zoɓo, da ƙanƙara a gida ina sarar wa masu zagawa da shi. Satin nan ne muka zauna ni da baban yara da biro da takarda muka rubuta duk wanda yake binmu, nashi da nawa, dan da can kowa nashi kawai ya sani, da muka haɗa wallahi sai da kaina ya sara, 815,000 sefa.

Ga yadda yake. Wani gidan bada rance da ya karɓi kuɗin moto a wajensu saura 280,000, duk wata 40,000, kuma takardun moton suna hannunsu. Yayan maigida 200,000, lokacin haihuwar autana ne da aka yi min aiki ya biya asibiti. Wani mutum a kasuwa 100,000, shi kuɗin ruwa ne, duk wata 10,000 muke kai masa, mun kai masa 90,000 yanzu amma yace uwar kuɗin tana nan daram. Adashina na kwasa tun farko, saura zubi 90,000, goma goma duk wata. Haya wata huɗu 80,000. Sai mai butik na layinmu 65,000, shinkafa da mai da sabulu.

Abin da yake shigowa, in an cire mai da abin da yake ci a hanya maigida yana kawo kamar 100,000 a wata, nawa bai wuce 30,000 ba kuma in damina ta kama folere baya tafiya. Abinci da gawayi 60,000, haya 20,000, wuta da ruwa 7,000, in kun haɗa da rance da adashi da kuɗin ruwa 147,000 kenan, kunga kullum a rami muke, ba a zo maganar magani ko gyaran moto ko rantire, wato komawar yara makaranta, ba. Da ba haka muke ba, mai ne ya karya mu, lita tana 630 aka kaita 730 a 2023 aka sake kaita 840 a 2024, zua-zua, wato man Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, da 'yan kilando suke lallaɓawa da shi shima tunda Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina araha, fasinja kuma baya son a ƙara masa ko dala.

Ina da sarƙa da ɗan kunne na zinari da Innata ta saka min a kayan aure, an taya 170,000. Maigida yace bai yarda in sayar ba, gara ya sayar da moton ya koma ɗaukar na wani yana kai balas, wato kuɗin da ake kai wa mai moton kullum. Ni kuma gani nake moton nan shine abincinmu. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya bani shawara, me za mu sayar, wa za mu fara biya?

Wata daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye 'yar uwa, bashi hanji ne yana cikin kowa. Amma zinarin nan kar ki taɓa shi. Ci da sha da haya duk a wuyansa suke ba naki ba, yau in kin sayar gobe yana samun sarari wata zai kawo miki, mun gani ba labari ba.

Wani daga Ngaundere:
Haba Hajiya, mutumin da yace gara ya sayar da motonsa da a taɓa kayan matarsa shi kike wa wannan zaton? Mu bar wannan mu duba lissafi. 'Yar uwa ki lura da kyau, bashin ku shida ne amma guda ɗaya ne kawai yake cin ku ba tare da yana raguwa ba, na mutumin kasuwa. 10,000 a kan 100,000 duk wata, a shekara 120,000 kenan, in shekara ta cika kun biya fiye da abin da kuka karɓa kuma har lokacin yana binku ɗarinsa. Na moto kuwa 280,000 in kin raba da 40,000 wata bakwai ne ya rage, bayan nan 40,000 ta dawo aljihunku kuma moton ya zama naku halak malak. Adashi wata tara. To kinga duk wahalar wata bakwai ce, wanda ya sayar da moto saura wata bakwai ya mallake shi ya yi asara biyu, kuma ma ta yaya zai sayar takardu suna hannun mutane? Abin da za a bashi na tsohon moto in an cire 280,000 ɗin su me zai rage, sannan ya koma yana kai wa wani balas kullum ko ya samu ko bai samu ba, ranar da ruwa ya hana fita ma sai ya kai. Ni dai in ƙanwata ce cewa zan yi ta sayar da zinarin, 100,000 a rufe bakin mutumin kasuwa rana ɗaya kar a bashi rabi, 40,000 mai gida, 30,000 mai butik. Yaya shi ne na ƙarshe tunda nashi baya ƙaruwa, amma a je a faɗa masa, kar ayi shiru.

Wata daga Marwa:
Ku maza dama bakinku ɗaya. Ita da zinarin iyayenta, shi da bashin motonsa.

Wata Hajiya daga Kusiri:
Ku tsaya ku duka kuna da gaskiya. 'Yata, ni na girme ki, na aurar da yara, ki ji nawa. Ki sayar, amma ba kyauta ba, rance za ki bashi. Ku rubuta a takarda cewa yana riƙe miki zinari giram kaza, ki sa a auna kafin a sayar, giram ɗin za a rubuta ba kuɗin ba domin zinari tashi yake sefa kuma tana nan inda take, ki kira mutum biyu su shaida, ɗaya daga gidanku ɗaya daga gidansu. Wannan ba rashin yarda bane, shi kansa sai ya fi samun natsuwa, dan abin da yake hana shi yarda kunya ce, baya son a ce ya ci kayan ɗakin matarsa, in ya zama bashi ne a rubuce mutuncinsa yana nan. Kuma ki faɗa wa Innarki da bakinki kafin ki kai kasuwa, kar ta gan ki a biki wuya ba komai ta ji a bakin dangi. Sannan kar ki tsaya a tayin mutum ɗaya, ki zaga maƙera ki ji, kuma ki je da wadda ta san awo.

Adashi kuma ki riƙe shi da haƙori, ko me za a fasa kar a fasa zubi, matan nan kuɗin guminsu kika kwasa kuma ranar da kika sake shiga matsala su ne za su ɗaga ki ba banki ba. In kin gama wannan zagayen ki huta, ko ki shiga ki ce a baki kwasar ƙarshe.

Wani malami daga Gidar:
Abin da Hajiya ta faɗa na rubutawa shi ne umarnin da ya zo a Suratul Baƙara aya ta 282, ayar da tafi kowace tsawo a Alƙur'ani kuma a kan bashi take. Game da mutumin kasuwa, wannan riba ce ƙarara, haƙƙinsa uwar kuɗinsa ce kawai kamar yadda aya ta 279 ta nuna, don haka 90,000 da kuka bashi kamata yayi a lissafa ta cikin ɗarin, saura 10,000. Ku nemi jauro, wato mai unguwa, ko limamin unguwarsa a zauna da shi a tunatar da shi Allah. Sannan wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da ake ba zakka a Suratut Tauba aya ta 60, in akwai mai fitar da zakka a danginku ba roƙo bane maigidanki ya sanar da shi halin da ake ciki. Allah ya warware muku.

Wani daga Ngaundere:
Malam Allah ya saka, a shari'a haka ne, dokar ƙasa ma ta hana irin wannan ruwan, laifi ne. Amma masu wannan sana'ar da yawa basa rubuta ruwa a takarda, abin da aka sa hannu a kai shine an karɓi 100,000, goma goman da ake kaiwa ba rasit. A gwada zaman, in ya rage alhamdulillah, amma a je da kuɗin a hannu, kuma a karɓo takardar da maigida ya sa wa hannu a gaban jauro, kar a baro ta.

Wata ma'aikaciyar gidan rance daga Garwa:
Ni a irin wannan wajen nake aiki, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki. Abin da yake ɓata mutum a wajenmu ɓuya ne, a kira waya a kashe, a zo gida ace baya nan. Da zarar ranar biya ta wuce tara take fara hawa, in aka daɗe sai a taɓa jingina ko a nemi wanda ya tsaya masa. Maigidanki ya je da ƙafarsa wajen wanda yake riƙe da fayil ɗinsa tun ranar bata zo ba, ya nemi a buga masa takardar abin da ya rage dalla dalla, uwar kuɗi nawa ruwa nawa. Ana iya tsawaita lokaci a rage na wata, amma ki sani in an tsawaita jimillar abin da za ku biya ƙaruwa take, ga wanda saura wata bakwai ni bana bada wannan shawarar sai in ba yadda za ayi. Abin da ya fi dacewa da ɗan kilando shi ne zubin kullum, akwai masu zagawa da karne, wato littafin rubuta zubi, suna karɓa a kasuwa da tasha, 1,500 kullum kafin ya shigo gida, in yana fita kullum ƙarshen wata ya haura 40,000 bai ji ba. Kuɗin kilando a aljihu baya kwana, kowa ya sani. Kuma dan Allah kar wani ya ruɗe ku da a karɓo sabon rance babba a biya ƙananan, mutanen da na gani sun nutse yawancinsu ta nan suka bi.

Wata daga Mora:
Ba a kan bashin ba amma saboda gaba da sauran matan group. Akwai Chèque Santé a asibitocin da suke cikin tsarin nan arewa, 6,000 ake saye tun ciki yana ƙarami, ya ɗauki awo da haihuwa har da aiki in ya kama. A tambaya a wajen awo tun zuwan farko.

Wani daga Injamena:
Ki daina karɓar kaya a butik bashi ko na dala biyar ne, abin da kika biya da hannu kin fi jin zafinsa. Kuma ku koma gero da masara a awo ku rage shinkafa na ɗan lokaci.

Mai tambaya:
Slm 'yan uwa, na gode Allah ya bar zumunci, na dawo in faɗa muku inda aka kwana. Na karanta wa baban yara duka, har na Hajiyar Marwa, dariya yayi yace ki yi haƙuri ko kaza bashi da halin ƙarowa balle mata. Maganar Hajiyar Kusiri ce ta sauko da shi, da ya ji rance ne a rubuce sai ya yarda, kawuna da ƙaninsa suka shaida. Inna ta yi faɗa sosai, ba na zinarin ba, na cewa muna kai wa mutum kuɗin ruwa duk wannan lokacin bata sani ba. An sayar 180,000 a wajen wani maƙerin daban.

Mutumin kasuwa an zauna da shi gaban jauro, da farko yace shi bai san wata 90,000 ba, da liman ya matsa ya dawo yace a bashi 80,000 a rabu, aka bashi aka karɓo takarda. Mai gida mun bashi 50,000 ya yarda sauran 30,000 a riƙa ɗora 5,000 kan haya. Mai butik 35,000 saura 30,000, na daina ɗauka. Ragowar 15,000 na ajiye na littattafan yara. Maigida ya fara zubin kullum ɗin. Yanzu bashin mutane ya dawo 630,000, ban da nawa da yake riƙe. Har yanzu lissafin wata baya cika, muna gaza kamar 12,000, na fara soya ƙosai da safe a ƙofar gida ko zai toshe.

Abin da ya rage Yaya ne. Maigida ya kasa zuwa, yace da wane ido zai je hannu rabbana bayan an biya bare. Ni kuma a matsayina na matar ƙani ban ga ta yadda zan tunkare shi da zancen kuɗi ba. Ya za mu yi?

Wata Hajiya daga Kusiri:
Ke ba ke za ki je ba, kuma kar ki bi ta wajen matarsa, nan zance yake lalacewa. Shi zai je, ran Juma'a bayan an sauko, ya tafi da takardar lissafin nan taku ya nuna masa duka, ya ce Yaya da zarar na moto ya ƙare 40,000 ɗin nan kanka za ta dawo, wata biyar an gama. Ya riƙe ko 5,000 ce ya ajiye a gabansa. Ƙaninsa da ya yi shaida ai ya riga ya sani, in bai je wannan satin ba a bakinsa Yaya zai ji.