Maganaɗisun da ake sa wa ƙanina a kai, in aka daɗe ana yi ba ya illa?

Yayar Auta:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ƙanina yana karatu a Ingila, yana da ciwon nan baifola, mai sa mutum wani lokaci damuwa mai tsanani wani lokaci kuma zumuɗi ya wuce kima, lokacin damuwar ya fi wahalar da shi, sai ya yi wata uku ko wanka sai an yi da gaske. An yi masa TMS, wato maganin da ake yi da na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a kai, sati shida, kullum banda Asabar da Lahadi, kuma wallahi ya samu sauƙi har ya koma makaranta. Yanzu likitansa ya ce a ci gaba sau ɗaya a sati don kar ciwon ya dawo, to Hajiyarmu ta tada hankali wai za a ƙona masa ƙwaƙwalwa, ni ma gaskiya raina bai kwanta ba. In aka yi shekaru ana yi fa? Kuma shi yana so ya ajiye litiyam, maganin baifolan da yake sha, saboda rawar hannu.

Nas ɗin Dare:
Wa alaikissalam Yaya. Ki faɗa wa Hajiya wannan ba shokin lantarki ba ne, ba a sa mutum barci, ba a sa shi jijjiga, kuma ba a san shi da taɓa tunani ba yadda shokin kan yi. A Ingilan ma aka ƙirƙiro shi, Sheffield, 1985. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne da zafin fatar kai wajen da ake ɗora na'urar. Farfaɗiya takan faru amma da wuya ƙwarai, rashin barci da giya da wasu magunguna ke ƙara haɗarinta.

Amma in gaya miki gaskiya, amincewar da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi da TMS a 2008 ta ciwon damuwa zalla ce, ba baifola ba, kuma binciken da aka yi kan masu baifola da ke ci gaba da shi wata da watanni ƙanana ne, mutane kaɗan, shi ya sa dole likita ya riƙa bibiyarsa. Litiyam kuwa kar ya kuskura ya ajiye da kansa, tsayar da shi farat ɗaya na dawo da ciwon da ƙarfi. Ya je a auna jininsa, wataƙila maganin ne ya yi yawa.

Mai Haƙuri:
Ni an min, shekara ɗaya da rabi ina zuwa duk bayan sati biyu. Kaina lafiya lau alhamdulillah, amma akwai lokacin da na fara barcin awa uku kuma ba na gajiya, ga surutu ga kashe kuɗi, ni ina ganin warkewa ce ashe ɗaya ɓangaren ciwon ne ke tasowa, matata ce ta gane ta kira asibiti aka dakatar aka gyara min magani. Wannan shi ne abin da za ku sa wa ido Yaya, wanda abin ke samu ba ya ganewa. Ku samu wani na kusa da shi can da zai riƙa lura da barcinsa.

Ɗan Zariya:
Ya riƙa toshe kunne duk zama, ƙarar na'urar ba wasa ba ce, in an daɗe tana iya taɓa ji.

Yayar Auta:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka lafiya Mai Haƙuri. Yana da abokin ɗaki ɗan gida, yau zan kira shi kan maganar barcin, sai in zauna da Hajiya bayan isha'i.