Shin kamannin tsiro a faranti na nuna ko ƙwayar cuta za ta bijire wa magani?

Mai koyon aikin ɗakin gwaji: Assalamu alaikum. Mun shuka kakin wani majiyyaci da ya sha maganin tarin fuka bai samu sauƙi ba, kuma kafin kwana 7 sai Mycobacterium abscessus, wata ƙwayar cuta 'yar uwar mai jawo tarin fuka, ta tsiro iri biyu a farantin gwaji guda: wani tsiron mai santsi da sheƙi, wani busasshe mai kaushi. Shin mai kaushin ya fi bijire wa magani ne?

Masanin ƙwayoyin cuta: Wa alaikumus salam. Bambancin da ka gani daga fatar ƙwayar yake. Mai santsi tana lulluɓe da wani maiƙo da ake kira GPL, wanda idan ta rasa shi sai ta koma mai kaushi, ta riƙa harhaɗewa kamar igiya, har ƙwayoyin garkuwar jiki su kasa haɗiye ta. Shi ya sa ake danganta ta da ciwon huhu mai tsanani da naci. Amma tsananin cuta daban, bijire wa magani daban, kuma ido ba ya yanke wannan hukunci.

Likitar ƙirji: Malam ya yi gaskiya. Ni abin da nake fara tambaya shi ne wane reshe ne na abscessus ɗin, domin ƙwayar cutar rassa uku gare ta: abscessus, bolletii da massiliense. Yawancin reshen abscessus da bolletii suna ɗauke da ƙwayar gado erm(41) mai aiki, wadda sai ta ji maganin klaritromaisin take farkawa, ta sa ƙwayar cutar ta bijire masa. A rana ta 3 gwajin ƙwayar cutar da maganin zai nuna kamar maganin na ci, amma idan aka bar shi zuwa rana ta 14 sai gaskiya ta fito. Reshen massiliense kuwa tasa guntuwa ce, ba ta aiki, saboda haka majiyyatansa sun fi warkewa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne sakamakon da aka karanta da wuri, aka kuma gina maganin watanni a kansa.

Masanin ƙwayoyin cuta: Ka kuma lura, ɗalibi, mai kaushi tana dunƙulewa a ruwan gwaji, don haka ka warwatsa ta sosai kafin ka auna. Ka ware kowane tsiro, ka gwada shi daban, har da maganin amikasin.