Maɓallin oda ba ya aiki sai hotuna sun gama sauka

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wa yayata ɗan shafi na shagonta na atamfa a Kejetia, akwai maɓallin da kwastoma zai danna ya tura oda ta WhatsApp. Da script ɗin (kodin JavaScript mai sa maɓallin aiki) yana cikin head, wato can saman HTML, sai console, inda burauza ke nuna kurakurai, ya ce min null, wai bai ga maɓallin ba. Na mai da shi cikin window.onload ya yi aiki, amma hotunan atamfar nan nauyi gare su, in netwok ya ja ƙafa mutum ya yi ta dannawa shiru kamar an shuka dusa. Don Allah ya zan yi?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam. Burauza daga sama take karanta HTML tana gangarowa, in ta ci karo da script sai ta tsaya cak ta sauke shi ta gudanar da shi kafin ta ci gaba, to a lokacin ba ta ma iso kan maɓallinka ba, shi ya sa null. Shi kuma load, wanda window.onload ke jira, sai komai ya sauka yake tashi, hotuna da CSS har iframe. Kai DOMContentLoaded kake nema, da an gama karanta HTML ya tashi, ba ruwansa da hotuna. Ko ka huta, ka bar fayil ɗin a head ka ƙara masa defer: ana sauke shi a gefe, sai an gama karanta shafin a gudanar da shi, kuma bi da bi yadda ka jera su.

Yaron Alabar:
Sa async kawai maigida, ni komai shi nake sa wa.

Malam na Asawase:
A'a ƙanena, kar ka kai shi ka baro. async duk wanda ya riga sauka shi ake gudanarwa, ba layi ba tsari, kodinka na iya riga wani fayil da ya dogara da shi, kamar jQuery, tashi. Wani lokaci ma ya iso DOMContentLoaded ya riga ya wuce, sai ka duba document.readyState tukuna ka ga ko an gama karanta shafin. Ya dace da irin su analytics, masu ƙirga maziyarta shafi, da ba sa jiran kowa.

Ɗan Aboabo:
Na gode Malam. Na sa defer amma har yanzu null, kodin a cikin shafin na rubuta shi kai tsaye.

Malam na Asawase:
Ai defer sai da src yake aiki, wato script ɗin da ke ɗauko kodinsa daga wani fayil. Kwashe shi zuwa fayil na .js daban. Sannan buɗe Network a DevTools, kayan duba shafi na Chrome, shuɗin layi DOMContentLoaded ne, jan kuma load, tazarar da ke tsakaninsu ita kwastomomin Yaya suke jira. Hotunan ma a rage musu nauyi, data tsada take.