Ana dawo mana da shaf, mai saye kuma ya ce sai mun kawo ISO 9001: ta ina za mu fara?

Maƙerin Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shagonmu yana Suame Magazine a Kumasi, injin fere ƙarfe uku, yara shida. Wani kamfani mai harhaɗa injin niƙa a Tema ya ba mu aikin shaf (sandar ƙarfe mai juyawa a cikin inji) guda 60, kowanne da mazaunin boris mai lamba 6205. Sun dawo da 14. Tara boris yana zurmawa da hannu kamar zobe a yatsa, biyar kuma ko da guduma sai an yi gumi. Da baniya (ma'aunin kauri mai baki biyu da ake zamarwa) muke awo, kuma duk milimita 25 suka nuna. Yanzu sun ce in muna son ciniki ya ɗore mu nemo ISO 9001. A ina ake samunta? Kuma ita ce maganin wannan matsala?

Injiniyan Asawase ya amsa:

Wa alaikumus salam, Masta. Ajiye zancen takarda tukuna, matsalarka tana hannun yaron da ke riƙe da baniya.

Ramin boris 6205 milimita 25 ne, amma masana'anta suna fito da shi tsakanin 24.990 da 25.000. Tunda shaf ne ke juyawa, dole zoben ciki ya kama shi ƙam. Awon da aka saba ba irin wannan mazauni shi ne k6 na ƙa'idar ISO 286, wato daga 25.002 zuwa 25.015. Duk filin da kake da shi 0.013 ne. Baniya kuwa mafi ƙanƙantar abin da take karantawa 0.02. Ka ga shaf mai 24.99 da mai 25.01 duk ɗaya ne a idonta, alhali na farko shara ne, na biyu kaya. Masu awo suna son ma'auni ya iya ganin kashi ɗaya cikin goma na filin da aka ba ka, don haka maikuromita (ma'aunin kauri da ake murɗawa) mai karanta 0.001 kake buƙata, kuma ta 25 zuwa 50, don wadda ta tsaya a 25 a bakin iyakarta za ka riƙa aiki. Tana zuwa da 'yar sandar gwaji mai tsawon 25. Kowace safiya a goge bakinta, a gwada da sandar, a rubuta abin da ta nuna.

Na biyu, zafi. Ƙarfe yana buɗewa kusan milimita 0.0115 a kowace mita ɗaya in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Shaf ya sauko daga inji yana digiri 60, maikuromita tana 30 a kan benci: bambancin digiri 30 a kan kauri 25 ya kai kusan 0.009. Yaro ya auna ya ga 25.008 ya yi murna, shaf ya huce ya koma 24.999. Ina zargin taran da ke zurmawa nan suka fito. A bar shi ya huce har ya yi daidai da ɗakin kafin awon ƙarshe. Ƙa'idar duniya digiri 20 ce, amma in ma'auni da kaya duk ƙarfe ne kuma zafinsu ɗaya, bambancin ba ya taka kara ya karya.

Biyar masu tsauri kuwa, yawanci cinyewar bakin wuƙa ce. Tana dakushewa, kauri yana hawa a hankali ba wanda ya lura. Ga yadda za a kama shi: shaf na farko a auna shi gaba ɗaya, Masta ya sa hannu kafin a ci gaba. Daga nan kowane na biyar. A auna wuri biyu a tsawon mazaunin, kowane wuri sau biyu, a juya shaf kwata tsakaninsu, don a gane ko ya tsuke ta gefe ɗaya ko ya yi siffar ƙwai. A manna takarda jikin bango kusa da injin, a ja layi a 25.002 da 25.015, a nufi 25.008, kowane awo a ɗiga masa ɗigo. In ka ga ɗigo shida ko bakwai a jere suna hawa, tsaya ka sauya wuƙa, ko da ba a taɓa layi ba. Dabarar ta samo asali daga jadawalin da Walter Shewhart ya fito da shi a Amurka a 1924, kuma biro da takarda kawai take ci.

Don Allah kuma a hana yara abin nan na sassara mazauni da fanci don boris ya kama. Sati biyu tabon zai kwanta, zobe ya fara zamewa, ka ga jan gari kamar barkono yana fita, shaf ya tafi ke nan.

Hajiyar Nima ta amsa:

Sannu Alhaji. Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai ban yarda a ajiye zancen takardar gaba ɗaya ba, domin rabin abin da ya lissafa shi ne ISO 9001 ɗin, suna ne kawai bai kira ba.

A fara gyara fahimta. ISO 9001 ba shaidar ingancin shaf ba ce, shaidar tsarin tafiyar da shago ce. Ba ta ce maka 25.008 ba, cewa take: nuna mana inda ka rubuta awon da mai saye yake so, wa ya duba, da me ya duba, kuma me ka yi da wanda ya kauce. An fara fitar da ita a 1987, aka sabunta a 1994, 2000, 2008 da 2015. Hukumar ISO da ke Janiba ba ta ba kowa satifiket, rubuta ƙa'idar kawai take yi. Masu bayarwa kamfanonin tantancewa ne, kuma kafin ku biya kowa ku nemi ya nuna muku hukumar da ta amince da shi. Wanda ya ce zai kawo muku takarda cikin kwana uku ba tare da ya taka shagon ba, fenti ne ya sayar muku.

Sassan bugun 2015 da suka fi shafar shago irin naku: 7.1.5 kan kayan awo, 8.4 kan masu kawo muku ƙarfe da waɗanda kuke ba aikin waje, 8.5.2 kan sa wa kaya alama yadda za a iya bin sawunsu, 8.7 kan kayan da suka kauce, sai 10.2 kan gano tushen kuskure da toshe shi. Wannan bugun bai ma tilasta a rubuta ƙaton littafin inganci ba. Abin da odita zai nema shi ne hujja. Kowace maikuromita da lambarta da ranar da aka tantance ta, kuma Ghana Standards Authority tana wannan aikin tantance ma'auni. Kowane aiki da katinsa yana bin kaya daga yanka har lodi. Akwati mai jan fenti na kayan da aka ƙi, nesa da masu kyau, don kada yaro ya kwashe su cikin gaggawar lodi.

Binciken mataki biyu ne, na farko a duba takardunku da shirinku, na biyu a shigo a tsaya kan yara suna aiki ana yi musu tambaya. Kafin nan sai kun yi binciken cikin gida da zaman bitar shugabanni, kuma sai an ga rubutun 'yan watanni ya taru. Satifiket shekara uku yake, ana dawowa dubawa duk shekara.

Shawarata, ku tambayi kamfanin a rubuce: satifiket suke so lallai, ko takardar awo tare da kowane kaya? Da yawa na biyun ya ishe su a farko. Ku kuma karɓi zane mai ɗauke da awo da sa hannu. "Yi mana kamar wannan" da tsohon shaf a hannu ba oda ba ce, rigima ce aka ajiye.

Tsohon Makaniki ya amsa:

'Ya'yana, kun manta ƙarfen. A Magazine an saba a ɗauko tsohon gatarin mota a fere, yau mai tauri gobe mai laushi, wuƙa ɗaya ba za ta ba da awo ɗaya ba. A sayi ƙarfen C45, ko EN8 mai kusan irinsa, in nauyin ya yi yawa EN19 wanda ya fi su ƙarfi. A nemi takardar masana'anta mai ɗauke da lambar narki, a rubuta lambar da fenti a kan kowane guntu kafin a yanka.

Sannan tsohon inji mai girgiza ba ya riƙe 0.013 kullum, ko wa ke kansa. A bar 0.2 zuwa 0.3 a kan mazaunin, a kai injin wasa mai juya shaf ya ƙarasa. Sanfefa a hannu tana kawo ƙyalli, tana kuma cinye tsakiya ta bar gefe.

Maƙerin Aboabo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Maikuromitar da muke da ita 0.01 take karantawa. Za ta yi kafin mu sayi sabuwa? Goma sha huɗun nan fa, zubarwa za mu yi?

Injiniyan Asawase ya amsa:

Ta fi baniya nesa ba kusa ba, amma layi ɗaya ne kacal nata ya faɗo cikin filinka, wato 25.01. Yi amfani da ita a lokacin fira, awon ƙarshe kuma ka ari mai 0.001 ko ka sa a yi maka ma'aunin baki biyu: bakin 25.015 dole ya wuce, bakin 25.002 dole ya ƙi. Yaro ko bai iya karatu ba zai iya aiki da shi.

Biyar masu tsauri a kai su wasa, za su dawo daidai. Taran da suka ragu kada ka cike su da walda ka mayar a ɓoye, zafin yana lanƙwasa shaf kuma yana barin tsaga a gindin mazauni. Ko ka fere su zuwa ƙaramin aiki, ko ka nemi izinin kamfanin a rubuce kafin kowane gyara. Kafin ka taɓa su, auna duka 14 a sanyi, ka rubuta lambar kowanne da injin da ya fito da sunan wanda ya yi, ka kawo mana alƙaluman nan mu gani.