Sabon jadawalin jirgin ƙasa na Disamba ya taɓa tikitina, yaya zan yi?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Birtaniya. Na sayi tikitin Advance, wanda ake saye gabanin tafiya don takamaiman jirgi, tun da wuri don tafiyar da zan yi Landan a tsakiyar Disamba, daga nan in wuce filin jirgin sama na Heathrow in kama jirgin gida. Jirage biyu ne, zan sauya a Leeds. Yanzu an turo mini imel wai sabon jadawali zai fara aiki kafin ranar, jirgina na farko an ja shi baya da minti 8. Da ina da minti 14 tsakanin sauka da hawa, yanzu saura 6, ga akwatuna biyu. Tikitin yana nan daram ko ya mutu? Idan na biyun ya tafi ya bar ni, wa zai ɗauki asarar? Kuma me ke sa su birkita jadawalin da mutane suka riga suka saba da shi?

Injiniya Baba

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki tambayarka ta ƙarshe, masu sanin tikiti su zo su yi sauran.

Sau biyu a shekara ake canza jadawali a nan, Mayu da Disamba. Na Disamba ya yi daidai da na sauran ƙasashen Turai, yana fara aiki da tsakar daren Asabar ta biyu a watan, wayewar Lahadi ke nan. Bisa ƙa'ida, saura mako 40 kamfanonin jirage ke miƙa wa Network Rail, mai kula da layukan dogo da sigina, lokutan da suke so. Saura mako 26 ta fitar da jadawalin da ta daidaita. Saura mako 12 ya kamata a ce komai ya tabbata har fasinja ya sayi tikiti hankali kwance. Wasu kamfanonin sukan buɗe sayarwa tun kafin wannan, a kan lokutan da ba a gama tabbatarwa ba, kuma da alama abin da ya same ka ke nan.

Minti 8 ɗin da aka ja jirginka ba lallai ne don garinku aka yi ba. Dogo ɗaya ne jirgi mai gudun mil 125 a awa yake bi, da mai tsayawa kowace tasha, da na kaya. A layin Landan zuwa Edinburgh, wajen gadar Welwyn, layuka huɗu sukan matse su koma biyu, kowa sai ya bi layi ya wuce. Idan aka ƙara jirgi mai sauri guda ɗaya a kowace awa, dole a nema masa gurbi a nan, da kowace mahaɗa, da dandamalin da zai tsaya a kowace tasha. Ƙananan jiragen da ke kawo masa fasinja su ake turawa gaba ko baya. Kowace tsayawa kuma tana cin jirgi mai sauri kimanin minti 4 zuwa 5, tsakanin rage gudu, sauke mutane da sake ɗaukar gudu. Shi ya sa duk sanarwar da ka ji an ce an rage lokacin tafiya tsakanin manyan birane, ka duba da kyau, akwai wani garin tsakiya da aka daina tsayawa.

Abin da ya faru ranar 20 ga Mayun 2018 shi ya sa har yau ake ɗar-ɗar da babban canji. An taɓa lokutan kusan rabin jiragen fasinja na ƙasar a tashi ɗaya. A arewa an tsara jadawalin ne a kan cewa za a gama sa wa layin Manchester zuwa Preston ta Bolton wutar lantarki. A Janairu aka ce aikin ba zai ƙare ba, sai aka sake rubuta jadawalin cikin mako 16 maimakon 40. A kudu kuwa, shirin Thameslink na ratsa tsakiyar Landan da jirage masu yawa ne, shawarar shigo da shi daki-daki ta zo a makare. Binciken ORR, hukumar da ke sa ido kan harkar jirgin ƙasa, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Stephen Glaister, ya nuna a ranakun aiki jiragen kamfanin Northern na arewa har 310 ba su tashi ba a rana, na kamfanin GTR mai gudanar da Thameslink a lokacin har 470, kuma babu wanda ya riƙe ragamar lamarin a lokacin da ya kamata. Ranar 4 ga Yuni Northern ta cire jirage 165 a rana, layin Windermere ma gaba ɗaya aka mayar da shi na bas.

Jiragen suna nan, direbobi ne ba su kai ba. Direba ba ya tuƙi a layin da bai koya ba har ya sa hannu cewa ya san siginoninsa da gangarensa da wurin tsayawa, haka ma nau'in jirgin. Koyon yana cin makonni, kuma duk ranar da yake koyo ba ya tuƙa jirgin fasinja. Jadawali ya makara, tsarin aikin direbobi ya makara, koyo bai samu ba. Darasin ya shiga: babban canjin layin Edinburgh da aka so yi a Mayun 2022 an ɗaga shi, aka sake ɗaga na Disambar 2024, sai a Disambar 2025 ya fara aiki.

Maman Iman

Ƙanina, tikitinka bai mutu ba, amma kada ka zauna a kansa.

Advance na jirgin da aka rubuta a jikinsa ne kaɗai. Da kai ne ka so canza lokaci, da za a iya cajinka har fam 10 ban da bambancin farashi. Tunda su suka canza bayan ka biya, sharuɗɗan tafiya na National Rail, wato haɗakar kamfanonin jirgin ƙasa na ƙasar, sun ba ka zaɓi: ko ka fasa a mayar maka da kuɗinka cif ba a cire ko kwabo ba, ko a sa ka a wani jirgin ba tare da ƙarin kuɗi ba, yawanci wanda ke gabansa ko na bayansa na kamfanin. Wurin da ka sayi tikitin za ka koma, idan manhaja ce manhajar, idan tasha ce tashar. Kamfanin da ke tuƙa jirgin ba zai mayar maka da kuɗin da wani ya karɓa ba.

Kafin ka danna fasawa, duba farashin yau. Advance ƙaruwa yake yi yadda ranar ke matsowa, na Disamba kuwa ba a magana. Mutum zai karɓi fam 30 ɗinsa yana murna, ya je saye ya tarar da ninkin haka. Sauyawa ta fi fasawa a nan. Ka nemi su rubuto maka sabon tsarin tafiyar a imel, ka adana shi tare da na farko mai tsohon lokaci. Mai duba tikiti a cikin jirgi abin da ke rubuce yake bi.

Ka kuma duba kujerarka. Idan an canza nau'in jirgin, lambar tarago da ta kujera na iya zama babu su a sabon.

Sai maganar diyya, wadda suke kira Delay Repay. A yawancin kamfanoni, jinkirin minti 15 zuwa 29 ana biyan kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zuwa, 30 zuwa 59 rabi, awa ɗaya zuwa ƙasa da biyu kuɗin zuwa gaba ɗaya, awa biyu ko fiye kuɗin tikitin duka, har da na dawowa idan na zuwa da dawowa ne. Wasu sai daga minti 30 suke farawa. Kwana 28 gare ka ka nema, kuma wajen kamfanin da jirginsa ya fara jawo jinkirin. Ana auna shi da lokacin da ka isa ƙarshen tafiyarka, ba tashar da ka sauya ba. Sai dai da jadawalin da ke aiki ranar tafiyar suke aunawa. Idan sabon jadawali ya ƙara wa tafiyarka minti 20 kuma jirgin ya iso a kan sabon lokacinsa, a wurinsu bai makara ba.

Ɗan Fagge

Na gode Yaya. To idan na bar shi yadda yake, na gwada sa'ata da minti 6 ɗin fa? Na ji an ce idan jirgin farko ya makara ana barin mutum ya hau na gaba kyauta.

Malam Na-Tasha

Kada ka gwada. Abin da ka ji gaskiya ne, amma da sharaɗi. Kowace tasha tana da mafi ƙarancin mintunan da aka amince a sauya jirgi a cikinsu. Inda ba a faɗa ba minti 5 ne. Leeds 10 ne, Birmingham New Street 12, tashar King's Cross ta Landan 15. Idan tazararka ta kai wannan, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, za ka hau na gaba na kamfanin da tikitinka na Advance, ko da tikiti biyu ka saya daban-daban. Idan ba ta kai ba, a ƙa'ida wannan haɗin ba haɗi ba ne. Minti 6 a Leeds ya faɗi ƙasa. Kana da hujja tunda ba kai ka tsara shi haka ba, amma hujjar da za ka tsaya kana kafawa a bakin dandamali, jirgin sama na jiranka, ba ta da amfani. A gyara tun yanzu.

Hanyar dubawa mai sauƙi ce. Ka shiga shafin National Rail, ka sa garinku da Landan da ainihin ranar tafiyar. Manhajar ba ta nuna haɗin da bai cika ƙa'ida ba, don haka idan jiragenka biyu ba su fito tare ba, ka samu amsa. Wanda ta nuna shi za ka ce a mayar da kai kansa. Mai yiwuwa ya zama na farkon ne kawai za ka hau wanda ya riga shi, na Landan ya tsaya yadda yake.

Minti 6 a takarda ma ba 6 ba ne a ƙafa. Ana rufe ƙofa kafin lokacin da aka rubuta, Leeds kuma tasha ce mai dandamali 18, wasu sai ka haura gada. Mai akwati biyu lif zai jira, shi da masu keken yara. Sannan sabon jadawali kan canza dandamalin da jirgi ya saba tsayawa, wanda ya haddace na da shi ya fi saurin ɓata. Nan ba tashar mota ba ce da ɗan kamasho zai buga gefen mota ya ce direba ya dakata ga fasinja nan tafe. Idan aka riƙe jirgin Landan minti 3 ya rasa gurbinsa a mahaɗa ta gaba, na bayansa duk su ci jinkirin.

Suwizalan ce ta ɗauki wannan matsalar da muhimmanci. Tun 1982 jiragensu ke tashi a kan minti iri ɗaya kowace awa, daga Disambar 2004 kuma suka tsara yadda jirage za su taru a manyan tashoshi dab da cikar awa ko rabinta, su watse bayan 'yan mintuna. Har sabon layi suka gina don Zurich zuwa Bern ya sauko ƙasa da awa ɗaya, saboda haɗin ya yi daidai. A Birtaniya an fi duba saurin jirgi ɗaya ɗaya, haɗi sai abin da ya samu.

Hajiya Ta-Bradford

Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ya fi cin masu zuwa aiki ko makaranta kullum. Canjin minti kaɗan na iya canza kuɗin tikiti. Off-Peak, tikiti mai sauƙin kuɗi na lokacin da ba cunkoso, yana da lokacin da yake fara aiki, ya danganta da hanya. A ce a hanyarku 9:30 ne, jirgin 9:32 aka dawo da shi 9:27, to ya shiga lokacin tsada, sai dai in kamfanin ya yi masa sassauci a rubuce. Masu katin rangwame na matasa, wato 16-25 Railcard, su ma su lura: yana rage kashi ɗaya cikin uku, amma daga 4:30 zuwa 9:59 na safe ranakun aiki rangwamen ba ya sauko da kuɗin tikiti ƙasa da fam 12, ban da Yuli da Agusta. Wannan bai shafi Advance ba, don haka kai Ɗan Fagge ba ruwanka.

Masu aikin dare da na asuba, jirgin farko da na ƙarshe za ku fara dubawa, Asabar da Lahadi daban, don jadawalinsu ba ɗaya ba ne da na tsakiyar mako. Bas ɗin unguwa ba ya canza lokacinsa don jirgi ya canza. Wanda ya yi wa tsoho ko mai keken guragu rajistar Passenger Assist, tsarin taimaka wa fasinja hawa da sauka, ya sake kira a gyara, don a kan jirgin da aka ambata ma'aikaci zai jira da matakala. Awa biyu kafin tafiya suke so a sanar da su.

Injiniya Baba

Malam Na-Tasha ya gama magana kan haɗi, ƙari ɗaya zan yi saboda jirgin sama. Ranar Lahadin da jadawali ya fara ba ta nuna komai, jirage kaɗan ne kuma ana gyaran layi. Litinin da safe ake ganin gaskiya, lokacin da kowane jirgi da kowane direba ya kamata ya kwana a inda sabon tsari ya ce. Makon farko da na biyu su ne na tuntuɓe, kai kuma a cikinsu za ka yi tafiya. Delay Repay kuɗin tikitin jirgin ƙasa kawai yake mayarwa, ba ya biyan na jirgin saman da ya tashi ya bar ka.

Saboda haka ka ƙirga daga baya. Awa 3 a Heathrow kafin tashi, kimanin awa ɗaya daga King's Cross a layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly da ke zuwa filin kai tsaye, minti 15 na sauka da jan kaya, sannan ka bar gurbin jirage biyu na Landan a bayan naka, yadda ko an soke ɗaya akwai wani. Idan jirgin saman na safe ne, ka kwana a Landan. Ka sake duba lokutan saura mako ɗaya, ka kuma duba a daren jajibirin tafiyar bayan ƙarfe 10. Idan mai sayar da tikitin ya ƙi gyara maka, ka rubuta ƙorafi ta imel. In an yi kwana 40 na aiki ba a warware ba, ko suka ba ka amsarsu ta ƙarshe, Rail Ombudsman, mai sasanta ƙorafin fasinja da kamfanonin jirgin ƙasa, za ka kai, kuma ba a biyan komai.